Buhu Mai Rubutu

Irin geron da muke shukawa ba na kasuwa ba ne. Na Inna ne, uwar mijina, ita ma a hannun tata uwar mijin ta same shi. Gajere ne, bai da kyan gani a gona, amma yana nuna da wuri, kafin gulbi ya cika ya hau fadama. Gonarmu kuwa bakin fadama take, can gefen Tsamaye. In munka rasa wannan iri, sai dogon gero na kasuwa, shi kuma ruwa yakan riske shi tsaye bai nuna ba.

Tun da idon Inna ya yi rauni, zaɓen iri ya dawo hannuna. Kowace kaka ina zama gaban dammuna in fidda zangarnun da sunka fi cika, in sussuke su daban, in gauraya da toka saboda ƙwari, in ɗura a buhu in ɗinke bakinsa.

Shekarar da nake ba da labarinta, na gama ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana, mu matan aure, bayan la'asar. Malamarmu ba baƙaƙe kaɗai ta koya mana ba. Da damina ta kusa, ta ce kowace ta haɗa ledar gudu: katin asibiti, magani, ashana, tocila, ɗan gari. Na haɗa tawa na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Sannan na ɗauki gawayi na je gaban buhun iri na rubuta IRI. Ita ce kalma ta farko da na rubuta ba wanda ya sa ni.

Mijina malami ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Larabci da ajami yake karantawa, boko bai taɓa shiga kansa ba. Ya shigo ya same ni da baƙin hannu.

"Wanga kuma mi ne ne?" ya ce. "Sanduna biyu da wani mai tumbi a tsakiya?"

"Iri ke nan, Malam."

"To, Allah shi sa albarka. Mu dai namu rubutun daga dama yake farawa."

Na ce, "Wannan ko ta dama ka faro, iri za ka karanta."

Ya yi dariya ya fita. Na ɗauka ya gani. Ashe dariyar kawai ya yi.

Buhunan ɗakin huɗu ne: iri, hatsin ci, dawa, da dusar awaki. Duk tsofaffin buhunan taki ne da na shinkafa, waɗanda ake saidawa a kasuwa. Na sa anka ɗora su bisa tsohon gadon ƙarfe don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. A raina na gama shiri.

Ruwan da ke cin garinmu ba kullum a kanmu yake sauka ba. Sai a yi shi can nesa, mu muna shanya a rana, gulbi ya kawo mana. Ranar da ya zo ma haka ta kasance, kuma shekarar da wuri ya zo, shukarmu ba ta ko fidda kai ba, iri sai ragowar da ke buhu. Kwana uku ba a yi ko yayyafi ba. Da hantsi ƙanena ya kira ni a waya, shi da ke ɗaukar kaya a babur ta wajen Burkusuma.

"Yaya, ku tashi. Gulbi ya haye hanya, da idona na gani. Kada ki tsaya wanke-wanke."

Kafin azahar ruwa ya shigo lungunmu, ja wur, yana tafe da kara da takalman mutane. Na goya ƙaramar ɗiyata, na ɗora leda a kai, na kama hannun Inna. Manyan ɗiyan biyu sunka kora awaki. Malam ya samu wuri a amalanken maƙwabcinmu, ya sa littattafansa da tabarmi, mai amalanke ya ce saura wurin buhu ɗaya, ba ƙari.

Daga bakin ƙofa na juyo na ce, "Malam, iri! Mai rubutu!"

"Na ji, ku tafi!"

Makarantar firamare da ke kan tudu ita ce mafakarmu. Tafiyar da nake yi kafin tukunya ta tafasa, ranar sai da munka kai la'asar, don Inna taku uku take yi ta tsaya. Aji ɗaya anka ba mu, mu gida biyar. Da na zaunar da ita na waiwaya, na ga buhunmu jingine da bango ƙarƙashin allo. Fari ne, da manyan baƙaƙe kore da hoton masara.

Na warware bakin na sa hannu. Ba toka.

Malam na tsaye yana matse bakin wandonsa. Na ce a hankali, "Malam, wannan hatsin ci ne."

"Ba ke kinka ce mai rubutu ba?"

"Rubutuna nake nufi. Na gawayi."

"To ni ina zan sani? Duk huɗun rubutu gare su. Na duba, wanga ya fi kowane rubutu, na ɗauko."

Gaskiya ya faɗa. Ni da na yi wata da watanni ina koyo, idona ya saba tsallake rubutun kamfani ya faɗa kan nawa. Shi kuwa boko duk boko ne. Ban taɓa kama hannunsa na ɗora a kan buhun na ce wannan ne ba.

Inna ta juyo wajen muryarmu. "Mi anka yi?"

Ta matso ta laluba, ta tura hannu cikin buhun, ta murza, ta kai yatsu hanci. Sannan ta goge hannun a zane ta ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa in sha."

Kwana huɗu munka yi a ajin nan. Hatsin da Malam ya ɗauko shi ya riƙe mu, har da gidaje biyu da ba su fito da komi ba. Wata maƙwabciya ta zo da turmi, muna daka muna damawa. A kwana na biyu Malam ya ce, "Kin gani? Da iri na ɗauko, da toka za mu sha?" Nan ma gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi gajiyar da ni. Ina daka ina auna tsawon ƙafar gadon ƙarfe a zuciyata. Ko ruwa ya kai? In ya kai, ya wuce da nawa? Na san gero in ya kwana biyu a jiƙe tsira yake yi, ba ya jiran a kai shi gona.

Da ruwa ya janye munka koma, ni da Malam. Katangar gabas ta kwanta, rumbu ya zauna a kan gindinsa kamar an danna shi. Ɗakin buhuna yana tsaye, laka har ƙauri. A bango ga layin da ruwa ya bari, ya wuce gadon da kamar taƙi ɗaya.

Buhun iri ya kumbura daga ƙasa. Fararen saiwoyi sun huda saƙar sun fito, ga tsami kamar na ƙullun da ya kwana. Rubutuna yana nan a sama, ruwa bai kai gare shi ba. Na farke ɗinkin na fara kwasa da tafin hannu ina zubawa a zanena, kaɗan kaɗan, ina ji da yatsu. Inda na ji danshi na tsaya. Kwano biyu da ɗan kai na samu, daga buhun da ya fi rabi.

Na kai wa Inna. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta yi ƙas. Ta ce, "Da rai. Ki shanya a inuwa."

Daminar da ta biyo, kusurwa ɗaya ta gona kaɗai irin ya isa. Sauran munka cika da na kasuwa, gulbi ya zo ya same shi da ɗanyen kai, ya ci rabi. Abin da kusurwar nan ta ba mu ban bar kowa ya kai baki ba, duk na mayar iri. Ɗiyana sun sha dawa har sun gaji da ita. Sai a shekara ta uku gonar ta koma ta irin Inna gaba ɗaya, ita kuwa ba ta kai ga gani ba, Allah shi jiƙanta.

Malam bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma ranar da na ɗinke sabon buhu, ya shigo da tawada da alƙalami da wata sakaina, ya rubuta iri da ajami, ya huda ta, ya ɗaure a bakin buhun da kansa. Ni kuma na ƙara jan ƙyalle. Yanzu kashi biyu nake yi, rabi ƙanena ya kai wa yayata a Kamarawa ta ajiye mini.

Duk damina haka muke. A ɗaure kaya, a kwance, a sake ɗaurewa. Ledar bayan ƙofa na canja ta ban san sau nawa ba. Wayar ƙanena in ta shigo da hantsi, ledar nake fara dubawa kafin in ɗauka. Na gaji, ba za ni ɓoye ba, amma ba mu da wata gonar sai wannan.

Bana da hadari ya fara haɗuwa, na tsayar da Malam a ƙofar ɗakin na ce ya nuna mini.

"Kullum sai kin tambaye ni?"

"Nuna mini dai, Malam."

Ya shiga ya dafa buhun da tafinsa. "Ga shi. Jan ƙyalle, sakainata, da mai tumbinki. Sai ki bar ni in sha hurata."

Na matsa ya wuce. Bayan ya fita na ƙara bulo ɗaya ƙarƙashin kowace ƙafar gadon.