Ranar da Aka Sauke Harawa

Kowa na murna da ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Ni kuwa da na shaƙe shi sai gabana ya faɗi. Kada ka ce ban san ni'ima ba, tsaya ka ji dalili.

A wajen Digil, kusa da Mubi, na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Shanunsa ba su da yawa, amma ya san kowacce da halinta. A cikinsu akwai wata jar karsana tawa, 'yar saniyar da ya ba ni ranar sunana. Uwar ta mutu, ita kaɗai ta rage mini. In ya gan ni ina sosa mata wuya sai ya ce, "Amarya, kin fi son ta da mijinki." Ni kuma in murguɗa baki in ce me zan yi da miji marar haƙori.

Bayan girbi mukan ɗaure harawar wake da ta gyaɗa dami-dami, a jibge a kan rumfa inda awaki ba sa kaiwa. Da ita ake lallaɓa shanu har rani ya wuce. Al'adarmu kuwa, ranar da ruwan farko ya sauka, a ranar ake sauke duk abin da ya rage, don harawa ba ta jure ruwa, kwana biyu ta yi baƙi ta ruɓe. A zuba wa shanu su ƙoshi, saura a raba wa maƙwabtan da tasu ta ƙare. Wanda ya bar harawa ta ruɓe alhali saniyar maƙwabcinsa na kuka, har jikokinsa sai an yi musu gori.

A shekarar da nake ba ka labari ruwa ya zo da wuri, mai ƙarfi kuwa. Bappa, ƙanin babana, wanda ke lodin shanu a kasuwar Mubi yana jin labarin garuruwa, ya ce, "Baba, a bari tukuna. Ruwan yanzu ba ya da alkawari. Mu sa rabi a ɗaki."

Kakana ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗaki na mutane ne. Shamuwa ta iso, kai ka fi ta sani?"

Aka sauke. Ni da kaina na kai wa maƙwabta dami biyu ina tsalle.

Ciyawa ta tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Mako ya wuce, wani ya bi shi, har muka daina lissafi. Tsiron ya ƙone. Mayo, rafin da muke shayarwa, ya koma yashi zalla. Kakana ya bi gida-gida, bai samu ko dami ɗaya ba. Ba wanda ya hana shi. Kowa ya sauke tasa kamar yadda iyayensa suka koya masa.

Karsanata na ɗauke da cikin fari. Ta rame har ina iya ƙirga haƙarƙarinta, ta fara tauna leda a bola. Da ta kwanta, sai an zura itace ƙarƙashin cikinta maza huɗu su ɗaga. Ina satar mata dusar kajin kakata a bakin zanena, amma me tafin hannu zai yi wa saniya? Wata safiya aka ɗaga ta, ƙafafun suka ƙi tsayawa. Aka kira mahauci kafin ta yi mushe. Bayan kwana huɗu ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Kakana bai sake kirana amarya ba har ya bar duniya, kuma wannan ya fi mutuwar karsanar yi mini ciwo.

Yau a cikin garin Mubi nake kiwon turke. Bijimai biyu, dusa da ƙaiƙayi, harawa kuma a ɗaki mai rufin kwano da kwaɗo. Suna ƙiba, ina samun riba, har mata na zuwa koyo a wurina. Maganar Bappa ce ta tabbata, ban musa ba.

Bara, bayan ruwan farko ya sauka ya ɗauke, wani dattijo maƙwabcina ya yi sallama, ya ce da irin Hausarsu ta nan: "Hajiya, saniyana ya kwanta. Ko dami ɗaya."

Ɗakin harawata cike yake har rufi, amma wa ya san ranar da ruwa zai dawo? Na ce masa, "Ayya Baba, ta ƙare." Ya yi mini godiya, har da addu'a, ya juya.