Rodin Dehen

Mijina Dehen bai taɓa sata ba, ba ya shan giyar shinkafa sai ranar biki, kuma har ya mutu bai ɗaga mini hannu ba. Cutarsa ɗaya ce, sunanta Tundan.

Tundan ɗan goggonsa ne, taubashinsa, gonakinsu kuma a jere suke a bayan ƙauyenmu na bakin kogin Kahayan. Surukata ta ce tun suna yara, in aka raba musu kifi sai Dehen ya kara nasa da na Tundan kafin ya ci. Da Tundan ya ɗaura wa kwalekwalensa inji, Dehen ya bar cin abinci da daɗi har sai da injin ya lalace. A coci ma, in Tundan ya ɗaga murya a waƙa, ina jin Dehen kusa da ni yana ƙara tasa har jijiyar wuyansa ta fito.

Abin haushin shi ne, Dehen ya fi shi komai. Ƙasarmu gambut ce, ruɓaɓɓen itace da ganye da suka taru tun kafin kakanni. In tana jiƙe ta ciyar da kai, in ta bushe makamashi ce kawai. Dehen ya san wannan. Da hannunsa ya datse magudanar da ta ratsa gonarmu da katakon ulin, wanda ruwa ba ya ci, don kada ruwan ya zurare ya tafi kogi. Ko a tsakiyar rani, ka taka gonarmu sai ka ji danshi a tafin ƙafa. Itatuwan robarsa a layi suke kamar ɗalibai, kowanne da kofinsa na tarar ƙaro a rataye, kuma da ƙaronsu muka yi wa 'yarmu Yetri makaranta har ta gama. Gonar Tundan kuwa ciyawa ce da kututture, sai 'yan abarba da suka fito don kansu.

A shekarar babban hayaƙi, lokacin da rana ta koma kamar ƙwanduwar ƙwai, yara suka daina zuwa makaranta, gonar Tundan ta kama da wuta. Ba wanda ya yi mamaki. Wutar gambut ba ta da harshe. Shiga ƙasa take ta riƙa ci a ɓoye, sai farin hayaƙi yana tsattsafowa ta ramuka.

Sai ga masu bincike daga jami'a a birni, cikin kwalekwale biyu, da takunkumi a fuska da akwatuna. Shugabarsu wata 'yar siririyar mace ce Bajawa, baƙuwa daga wani tsibiri, Malama Ratri. Suka nemi gonar da ke ci, dagaci ya kai su ta Tundan. Aikinsu iri biyu ne. Suna zuƙe hayaƙin da tiyo su ɗura a gwangwanayen ƙarfe, don su san irin iskar da ke ciki mai ƙara wa duniya zafi. Suna kuma kafa rodi a inda wutar ba ta kai ba tukuna, su buga shi har kansa ya yi daidai da ƙasa. In wuta ta wuce, tsawon rodin da ya fito fili shi ne zurfin ƙasar da ta ƙone ta tashi sama.

Tundan ya zama babban mutum. Shi ke gaba da adda yana nuna hanya. A gidansa suke cin abincin rana, matarsa tana soya kifi ƙamshi yana shigo mana ta taga. Suka ba shi hular hana-sallah mai tambari da takalmin roba har gwiwa. Wani ɗan jarida ya ɗauke shi hoto yana nuna hayaƙi da yatsa kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Da yamma yakan biyo ta ƙofarmu da hular.

“Baban Yetri! Kana nan kana gadin ruwanka?”

“Ina nan. Kai kuma kana ta tallan toka?”

“Toka? Malama ta ce hayaƙina har ƙasar waje za a kai shi a gwangwani. Kai naka ina ya taɓa zuwa? Kasuwar Pulang Pisau?”

“Rago dai, gonarsa ta ƙone yana washe baki.”

“Ragon da ake ɗauka hoto ba! Maman Yetri, ki ba taubashina kofi da sukari da yawa, na ga bakinsa ya yi ɗaci.”

Ya tafi yana dariya, Dehen ya bi hular da kallo har ta sha kwana.

Washegari ya sa rigarsa ta coci ya je ya gayyato Malama Ratri ta ga gonarmu. Na bi su. Ta tsuguna ta damƙi ƙasar, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunta.

Ta ce, “Baba, gonarka lafiyarta ƙalau. Da kowa ya yi irin naka, da mun zauna a gida.”

Dehen ya ce, “To, yaushe za ku fara aunawa?”

“Ai ba abin da za mu auna a nan. Mu inda ke ci muke bi.”

Yabo ne ta yi masa, amma na ga fuskarsa kamar an kore shi daga gidan biki. Ya nace sai ta kafa rodi ko ɗaya ne. Don ta rabu da shi ta sa aka buga guda a gefen da ya yi iyaka da Tundan, tsakanin layin farko na roba da 'yar ciyawar kan iyaka.

A gida na ce masa, “Me kake nema ne, Baban Yetri? Matar nan ta ce ka fi kowa.”

“Ta faɗa a gona, ba wanda ya ji sai ke.”

“To ni ba mutum ba ce?”

Ya kau da kai. Yana kallon gidan Tundan, inda aka shanya takalman baƙi a matakala.

Bayan 'yan kwanaki na shiga ƙarƙashin gidanmu neman ƙwan kaza, sai na ga katakon ulin a jere, da laka a jikinsu ba ta gama bushewa ba. An goge su, an jera su tsaf. Dehen kenan. Ko ɓarna zai yi, ba ya iya yar da katako mai kyau.

Na same shi yana wasa wuƙar tsaga roba.

“Katakon datsi na gani a ƙarƙashin gida.”

“Gyara za a yi musu.”

“Ulin ne ke son gyara? Ka buɗe ruwan gonarmu wuta tana maƙwabta?”

“Ciyawar iyaka kawai za ta ɗan bushe. In ta taɓa nan kaɗan suka zo suka auna, sai in mayar da katakon. Na san gonata.”

“Abincinmu ne a wurin nan. Ka mayar yau.”

Ya ce gobe. Goben ta yi ta ja. Na ɗauki katako ɗaya da kaina, ko matakala ban kai da shi ba, nauyinsa ya fi ƙarfina. Na aika wa Yetri a birni, hayaƙi ya hana jiragen kogi tafiya. Na je wurin dagaci, ya ce mutum da gonarsa.

Ranar da hayaƙi ya fara fitowa daga ciyawar iyaka, Dehen ya kwashi katakon da gudu ya mayar. Ya datse magudanar tsaf, ko tsaga babu. Amma babu abin datsewa. Ruwan ya riga ya tafi kogi, sama kuma ba ta da niyyar ba da wani. Ya tsaya a kan datsinsa yana kallon busasshiyar laka.

Wutar ba ta tsaya a iyaka ba. Ta bi ta ƙasa ta cinye saiwoyi, ganye yana kore shar a sama. Sai ka ga itace lafiyayye ya karkata ya kwanta, da kofinsa a jiki. Mutanen gari sun zo da injin feshi, har da Tundan, wanda ya cire hular ya yi aiki kamar jaki, amma ruwan da ake zubawa bisa yake tsayawa. Sai da damina ta sauka sannan ta mutu. Layi biyu na roba suka rage mana a bakin hanya.

Masu bincike sun zo. Sun yi safiya guda a gonarmu suna ɗura hayaƙi, suka koma gidan Tundan cin abinci. Da wuta ta mutu Malama Ratri ta dawo auna rodi. Namu yana tsaye shi kaɗai cikin toka, baƙi ƙirin, ya wuce gwiwar Dehen. Ta ɗora ma'auninta, ta dubi datsin, ta dube ni. 

Ta ce, “Baba, sannu. Ban so na auna wannan gonar ba.”

Dehen ya ce, “Malama, tsakanin tawa da ta Tundan, wacce ta fi zurfi?”

Ta ce, “Taka. Ƙasarka ta fi kauri, ba ta taɓa ƙonewa ba. Tasa iyakarta ƙwauri.”

Ya juya wurin Tundan. “Ka ji ko? Ƙwauri!”

Ya roƙi rodin, ta ba shi. Ya ɗaura jan zare a daidai inda ƙasa ta tsaya, ya rataye shi a bangon falo kusa da hoton aurenmu. Sauran shekarunsa ya yi su yana tsaga robar wasu ana raba ƙaro da shi, ni kuma ina soya ayaba a bakin tasha. Duk baƙon da ya shigo sai an sauko masa da rodin. Tari ne ya kashe shi, irin wanda ya kwashe da yawa daga waɗanda suka shaƙi hayaƙin shekarar nan.

Bayan jana'iza Tundan ya zo ya zauna a falo, ya tsufa, hular ta koɗe. Ya daɗe yana kallon bango.

Ya ce, “Maman Yetri, ni ba su bar mini nawa ba. Ko za ki ba ni wannan?”

Na ce a'a. Igiyar shanyata tana son abin tokarewa, kuma tsawonsa ya yi daidai.