Kujerar da Aka Kwantar Kan Gwiwar Inna

Shekarar da muka kai Inna Umra, ni na yi ta jigilar kai ta asibiti saboda gwiwoyinta, har likita ya yarda za ta iya tafiyar. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai na rage mata a Azare. Gidan aurena a bayan layinsu yake, ko tari ta yi da ƙarfi sai labari ya iske ni. Autarmu kuwa a Abuja take aiki, sai da salla muke ganinta. Ita ta haɗa tafiyar, ta ce mu same ta a Kano.

Inna Bafulatana ce ta wajen Shira, ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar 'yar fari. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma "waccan". Na saba, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Amma da muka sauka daga mota a filin jirgi ta hango auta, sai ta kira sunanta har da jan murya, ta riƙe mata fuska da hannu biyu tana cewa ta rame. Ni ina tsaye a bayansu riƙe da sandarta da ledar magani.

Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. A zatona wuri ne yalwatacce, ashe motar kasuwar Gamawa ma ta fi shi wurin miƙe ƙafa. Auta ta shige jikin taga, muka sa Inna a tsakiya, ni ina bakin hanya. Tun kafin a tashi gwiwar Inna ke gogar bayan kujerar gabanta.

Bayan an kwashe kwanukan abincin rana, mutumin da ke gaban Inna, wani ƙaton alhaji cikin farar shadda, ya danna maɓalli ya jingina da dukan nauyinsa. Kujerar ta taho ta daki gwiwarta ta hagu, wadda ta fi ciwo. Inna ta ce "Wash" a hankali, ta cije leɓe.

Na leƙa ta tsakanin kujerun na ce, "Alhaji, don Allah a ɗan ɗaga. Tsohuwa ce a baya, ƙafarta ba lafiya."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ita ma ta kwantar da tata mana. Ai don haka aka yi su."

Mai goyo ce a bayan Inna, da jaririnta a cinya, Inna ta ce ita ba za ta danne ɗan mutane ba. Na ce mu yi musaya, sai na ga saurayin da ke gabana shi ma ya kwantar da tasa. Don haka na karkato da ita, na ɗora ƙafafunta a cinyata, na tokare bayan kujerar alhajin da hannu don kada ta ƙara saukowa. Haka muka daɗe, har hannun ya yi tsami. Auta tana jikin taga da abin sauraro a kunne, ido a rufe.

Da ta farka ta gan mu, sai ta ce, "Haba Yaya, me ya hana ki tashe ni?"

Ta miƙa hannu sama ta danna wani abu da ban ma lura da shi ba. Ma'aikaciyar jirgi ta zo, auta ta yi mata Turanci tana murmushi, maganar da ba ta fi shan ruwa ba. Matar ta dubi ƙafar Inna, ta tafi, ta dawo ta ce akwai wurin mutum biyu a layin gaba, inda babu kujera a gabanka sai bango. Ta tambaya wa zai raka Inna. Na fara laluben takalmina a ƙasa. Ina ɗagowa na ga Inna ta riga ta kama hannun auta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Inna. Ta yi ta maimaitawa har suka yi nisa.

Aka bar ni da kujeru uku ni kaɗai, ina iya kwanciya ma in na so, amma zuciyata ta ƙi. Daga inda nake ina hango ƙeyarsu, kan auta ya kwanta a kafaɗar Inna. Ga shi alhajin ya fara minshari. Na koma kujerar Inna na zauna, na kafa gwiwata a bayan tasa. Duk sanda minsharin ya yi daɗi sai in gyara zama.

Can ya zabura ya juyo, hularsa a karkace. "Wai Hajiya me na yi miki? Tsohuwar ba ta tashi ba?"

"Tsohuwar uwata ce," na ce. "Da taka ce za ka kwanta mata a ƙafa?"

"To ba ga shi 'yarta ta nema mata wuri ba? Ke mene ne naki?"

Wannan magana ta shige ni fiye da zagi. Shi a ganinsa 'yar rakiya ce ni. Na ɗaga murya na ce ni ma ita ta haife ni, ni ce ma babba, na gaya masa maganganun da ko a kasuwa ban taɓa gaya wa namiji ba. Shi ma bai rage mini ba. Mutane suka miƙo wuya, jaririn baya ya fashe da kuka. Wani dattijo mai harshen Barebari a ɗaya gefen ya ce, "Bayin Allah, ɗakin Allah fa za mu. A yi haƙuri." Alhajin ya ja tsaki ya ɗaga kujerarsa kaɗan, ni kuma na juya fuska taga ina share ido da bakin mayafi.

Ba a jima ba ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗata, ta nuna mini gaba. Na je na tarar da Inna ta miƙe ƙafa sosai, an lulluɓa mata bargo.

"Ke, kai ni bayan gida," ta ce.

Auta ta yunƙura. "Inna, ai da kin gaya mini, ni ma zan iya."

"A'a, yi zamanki, kin gaji."

Na kai ta. Wurin ɗan ƙuƙut ne, ba ya ɗaukar mutum biyu, sai na tsaya rabina a ciki rabina a waje ina tallafe da ita. Na mayar da ita mazauninta, na gyara mata bargon, na koma baya.

Mun yi ibadarmu lafiya. A dawowa auta ta bi jirgin Abuja, ni da Inna muka biyo na Kano. Wata mata ta sake kwantar da kujera a gabanmu. Wannan karon na san abin dannawa, na danna, na haɗa ɗan Turancina na makaranta. Ma'aikacin ya saurare ni da ladabi, ya ce jirgi a cike yake. Inna ta nisa ta ce, "Da auta na nan." Daga nan ta ɗora mini ƙafafunta ta yi barci har muka sauka.

A Azare gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ina raba dabino da zamzam, Inna tana ba da labarin jirgi, kuma kullum labarin ƙaruwa yake. Wai auta tana magana ma'aikatan suka rikice, har shugabarsu ta zo da kanta. Wata gwaggonmu da ta zo daga Katagum ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ita wannan fa, tana ina aka yi haka?"

"Tana nan ai," in ji Inna, ta ci gaba da labarinta.

Da na raka gwaggon bakin ƙofa, ta dube ni ta ce, "Kin ji haushi ko?" Na ce ko kaɗan, gajiyar hanya ce. Ta yi dariya ta hau babur.

Har yanzu in baƙi suka zo Inna tana ba da labarin. Auta ba ta yi mini laifin komai ba, in ta kira waya ma ni take fara tambaya. Amma da na ji Inna ta ce "muna cikin jirgi", sai in tashi in je in duba tukunya.