Keken Yaya Mariyama da Kwanon Fura

Ana sallame sallar asuba na goya Yaya Mariyama zuwa tashar Matameye. Shan-inna ya cinye mata ƙafafu tun tana yarinya, da hannu take tafiya, da hannun kuma take suyar ƙuli-ƙulin da ke ciyar da gidanmu tun da gero ya ƙone a gona.

Akwai ƙungiyar malamai da ɗalibai a jami'ar Damagaram, masu aiki kan naƙasassu tare da wasu jami'o'i. Sun sha zuwa gidanmu da tambayoyi, wai bincike, har na fara ɓuya in na ji motarsu. Sai ga saƙo: ɗalibansu sun ƙera kekunan guragu, amma sai mutum ya zo da kansa ranar Laraba an auna shi. Wanda bai zo ba, a ba wani.

Hanya

Motar ta cika da mutane da awaki biyu da rana ta fito. Inna ta cusa mana fura a babban kwanon silba, Yaya ta rungume shi. Wannan kwano shi ya ja mana.

Kafin Takeita muka tarar da igiyar jandarma, jami'an tsaro, an gitta ta a hanya. Lokacin soja ne, an ce a tsare matan yankinmu masu fita bara ƙasar waje saboda fari. Wani dogon jandarma ya leƙo, ya ga gurguwa, ya ga kwano.

"Sauko da ita. Aljeriya za ku ko?"

"Jami'a za mu, ranka ya daɗe," na ce.

"Jami'a? Da kwano?"

Direba ya sauke mu ya yi gaba, ko waiwaye babu. Muka zauna gindin wata aduwa marar ganye har azahar ta gota. Wata Hajiya ta wuce ta jefa mana sadaka, Yaya ta kira ta ta mayar mata.

Sai da ƙishi ya kama dogon nan ya ga muna damun fura. Yaya ta miƙa masa ludayi. Ya sha, ya ƙara, ya tsayar mana da motar albasa.

Damagaram

Bayan la'asar muka isa, ana kwashe kujeru, keke ɗaya ya rage. Malama Zainabu, shugabar ƙungiyar, ta ji labarinmu ta tara ɗalibai, ta ce Yaya ta maimaita musu. Na ce a raina, tambayoyin sun dawo ke nan. Amma suna saurare suna aunawa, suka rage sirdi, suka matso da abin tuƙi daidai hannunta. Muka kwana wajen ɗan kawunmu.

Komawa

Da safe aka ɗaure keken bisa mota. Muna zuwa igiyar jiya Yaya ta ce a sauke ta. Direba ya yi ta gunaguni, ni ma na ce, "Yaya, don Allah, mu wuce lafiya."

"Jiya goyona ka yi a nan," ta ce.

Ta hau, ta aza kwanon a cinya, ta murza har gaban dogon, ta buga ƙararrawa. Ya dube ta, ya sauke igiyar da hannunsa.

Mun iso gida kafin azahar. Daga tasha ni ke binta a baya da gudu-gudu. Alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa ɗaliban nan da alheri, na yafe musu tambayoyin.