Rumfar Malam Gwadabe a Bakin Sabuwar Kwalta

Malam Gwadabe maƙeri ne, ɗan maƙera. Shekara ashirin da biyu ya yi a rumfarsa ta bakin hanya a Ƙofar Sauri yana gyaran garmar shanu. Da kuɗi suka shigo ƙasa, motoci suka yawaita, sai ya koyi walda da furfurarsa. Ba ya karatun boko, amma in ka zana masa abu a ƙasa da tsinke, gobe za ka zo ka tarar da shi a ƙarfe. Mutanen ƙauye kan sauka daga mota daidai ƙofar rumfar. Wannan bakin hanya shi ne abincinsa.

Na san shi a 1976, wata huɗu da dawowata daga karatun injinan noma a Amurka. Ofishinmu ya karɓi ƙananan taraktoci shida, manoma kuwa sun ƙi yarda cewa abu ƙarami haka zai yi aikin bijimi biyu. A can na ga yadda ake gasa: a ɗaura wa tarakta akwatin ƙarfe marar taya, a cika shi da nauyi, a ga iya inda za ta ja shi. Na ce mu yi haka a gaban jama'a. Na kai wa Malam Gwadabe zane.

Ya juya takardar sau biyu. "Ƙarfen ga biyu na ƙasa, su za su riƙa gogar hanya?"

"Su ne."

"A ina za a ja?"

Na nuna masa titin gabansa. Sati uku ke nan da zuba masa kwalta, bayan shekarun da unguwar ta yi tana jira.

"Injiniya, da rana kwaltan ga laushi take yi, kamar nakiya. Ku tahi fili mana. In dole nan ne, bari in ɗaura mashi tsohuwar taya a ƙasa, a yi da sassahe."

Na ce taya za ta ɓata lissafi, manyan baƙi kuma ba sa fitowa da sassafe. Na manta cewa a kan ƙasa na ga ana gasar a can. Ko kuma ban manta ba, so nake a ga tarakta a kan baƙin titi mai sheƙi.

"To," ya ce. "Kai ka yi karatun."

Ya ƙera shi yadda na zana, ko ɗan yatsa bai kauce ba.

Ranar Laraba bayan azahar aka taru. Muka loda buhun siminti goma sha biyu, na hau tarakta da kaina. Ta yi gurnani, ta ja. Mutane suka yi shewa, ni kuma ina kallon gaba. Sai da na yi nisan taku kusan arba'in na lura shewar ta mutu. Na waiwaya. Ƙarafan nan biyu sun huda kwaltar sun nannaɗe ta, ga jar ƙasa a fili, layi biyu, kamar an yi huɗa.

"Kai, ashe titi ma tana nomewa!" in ji wani tsoho. Aka yi dariya kaɗan.

Babban jami'in da ke kula da hanyoyin gari bai yi dariya ba. Ya taka har gaban akwatin ya shure shi.

"Wa ya ƙera wannan shirme?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Gwadabe.

Bai ƙara komai ba. Ya dube ni sau ɗaya. Zanen yana cikin aljihun rigata, a ninke. Na sunkuya ina duba sarƙar jan akwatin, wadda babu abin da ya same ta.

Kafin Juma'a aka ce masu ƙira da walda su tashi daga bakin titin, da sunan Malam Gwadabe a farko. Na yi ta cewa gobe zan je in yi bayani. Da na je, bayan sati biyar, jami'in ya sami canjin wurin aiki, rumfar kuma an ba wani mai sayar da lemon kwalba.

A Kambarawa na same shi, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Wuta a mace, garma guda ɗaya jingine da bango. Ya shimfiɗa mini buzu. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Ya leƙa ciki ya ce wa matarsa, "Lailatu, a kawo wa baƙo ruwa."

Na fara magana, ina neman kalmomi. Ya ɗaga hannu.

"Na ga ka sunkuya ran nan. Na ce yaro ne, sabon aiki gare shi." Ya miƙo mini ruwan. "Amma na ɗauka za ka zo da wuri."

Shekara biyu ya ƙara yana ƙira a lungun, sannan ya sayar da injin waldar, ya koma sayar da tsofaffin kusoshi da sukurori a faifai. A kan haka ya rasu. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya.