Jadawalin Kawu Sule

Ranar Laraba bayan la'asar, ina cikin adaidaita a Kano, Yaya Ladi ta kira ni daga Bunkure. "Sai haƙuri, Kawu Sule ya cika." Na yi salati, na zuba wa wayar ido. A cikinta akwai abin da na yi wata biyu ina cewa zan kai masa.

Muna yara, talabijin ɗin Kawu ce kaɗai a unguwarmu, kuma da batirin mota take aiki. Sai an ɗaure shi a keke an kai caji garin Kura, kuma ba ya daɗewa, don haka ba a kunna ta da ka. Tsofaffin jaridun da dillalai ke kawowa don rufe kwandunan tumatir, su ne Kawu ke bi shafi-shafi ya yago jadawalin shirye-shirye, ya soke shi da ƙusa a bangon zaure. Ni ke karanta masa. Ranar Alhamis ake nuna wani wasan kwaikwayo na manomin da ɗansa ya tafi birni bai dawo ba. Ranar nan ko korar tsuntsaye muke a gonar shinkafa, ko ban ruwa, hankalinmu na kan inuwa, muna auna ta da ƙafa. Wanda ya kai hannu wajen makunni kafin lokaci, sai Kawu ya ce, "Kai, sarkin gaggawa, takarda ta ce biyar!"

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe, har musayar ranar ban ruwa ya yi da maƙwabcinsa don ya dawo da wuri. Zaure ya cika, yara a ƙasa, manya a benci. Biyar daidai ya kunna, sai ga sunayen 'yan wasa suna haurawa, an gama. Jaridar ta kwana biyu, ashe an matso da wasan ƙarfe huɗu. Kawu ya dube ni ya ce, "Malam, haka ka karanta?" Na nuna masa wurin da yatsa. Sai ya zare wayar batir.

Shekara da shekaru, duk na je gaisuwa sai ya tsokane ni: "Ɗan boko, yaron nan ya dawo kuwa?"

Yanzu babu mai jiran biyar. Abin da kake so, lokacin da ka ga dama. Na samo wasan, na sauke shi a waya, na ce ba zan kalla ba sai tare da shi. Da yake wasan ba shi da ƙayyadadden lokaci yanzu, sai na yi ta ɗagawa: wannan Asabar, waccan Asabar.

Har yau ban buɗe shi ba. Ban san ko yaron ya dawo ba.