Fuskar Innata a Gonar Riɗi

Wata Asabar ce a ƙarshen damanar 1956, muna gonar Baba da ke hanyar Doma ana kakkaɓar riɗi. Dammunan da aka jingina sun bushe, manya na kifa su a kan tabarma suna bugawa da sanda, 'ya'yan riɗi na zuba shaaa. Ni kuwa, 'yar shekara tara, aikina korar kurciyoyi. Da rana ta take na sha kunu na miƙe a gindin mangwaro, barci ya yi awon gaba da ni. Sai ga wata mata ta taho da tukunya a kai, tana kiran sunana, Asabe, irin kiran wanda ya saba. Ba wanda ya gaya mini, amma na san ko wace ce. Abin da ya fi ba ni mamaki, ina cikin barcin na ce wa kaina, kai, wannan fa mafarki nake yi! Ta sunkuyo ke nan zan ƙare mata kallo, na ji wani abu na tafiya a wuyana. Na yi zumbur na miƙe ina ihu. Ashe Ɗanladi ne, ɗan gwaggona, ya ɗora mini fara yana ƙyalƙyala dariya. Kafin in gama kai masa duka fuskar ta gudu. Na tuna tukunyar, na tuna muryar, amma fuska ko alama.

Ba ƙaramin abu yaron nan ya raba ni da shi ba. Innata ta rasu ina shekara biyu, kuma ba ta bar hoto ba, don a lokacin mai ɗaukar hoto sai manyan ma'aikata ke zuwa wurinsa. In na tambayi Baba yadda take, sai ya ce Allah ya jiƙanta ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Kakata ta wajen uwa, wadda ta bar dafa gishiri a Keana ta dawo gidanmu a Lafia don ta raine ni, ita kuma kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki, ko sunanta ba ta faɗa. A makaranta muna carafke ƙawayena kan ce wance hancin uwarta ta ɗauko, wance goshi. Ni sai in sunkuyar da kai in yi ta tsince duwatsu.

Ranar Litinin maganar ta isa filin makarantarmu ta elemantare. Ɗanladi, da yake taubashina ne ba mai hana shi tsokanata, ya tara yara ya ce ƙarya nake shararawa. "Barci ƙanin mutuwa ne," in ji shi, mai barci bai san kansa ba balle ya san mafarki yake. Hujjarsa wai ya taɓa zana mini gashin baki da gawayi ina kwance ban motsa ba. Nan fa wuri ya kaure. Masu langa suka sauke ƙafa, masu gaɗa suka bar tafi, kowa na kawo nasa. Wannan ta ce ta tashi sama ta wuce tashar jirgin ƙasa, wancan ya ce kullum sai an ajiye masa sakwara da miyar agushi, yana kai loma baki ake tashinsa salla. Amma da aka tambayi wanda ya taɓa gane mafarki yake tun yana ciki, ni kaɗai na ɗaga hannu. Aka yi mini ature har aka buga ƙararrawa.

Da yamma ina taya Kaka ɓare rogo, na zayyana mata komai ina huci. Ta tsallake zancen matar. Ta dai ce laifina ne da na zabura. "Mafarki doya ce," in ji ta, "in kin fizga ta karye a ƙasa." Dokarta ita ce, in mutum ya farka kada ya juya, kada ya sosa kai, kada ya amsa kiran kowa. Ya bar idonsa a rufe, ya kama abin da ya gani na ƙarshe, ya yi ta tonowa a hankali har ya kai gindi. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ɓallo mini ɗan dunƙulen gishirin Keana, ta ce in ƙulle a nawa. Duk sanda na tuna da rana in lasa in tambayi kaina, ido biyu nake ko barci? A cewarta gishirin mafarki lami ne, ranar da na lasa ban ji komai ba, to na shiga.

Wayyo, daɗi kamar ya kashe ni! Na lasa a hanyar rafi da tulu a kai, na lasa ina shara, na lasa a aji har malam ya ɗauka alewa na ɓoye. Ƙishirwa ta sa na kusa ƙarar da ruwan gidan. Ni da a da sai an ja ni zuwa gona, yanzu ana tashi makaranta ni ce kan gaba, don in sami gindin mangwaron nan. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin mai son gona don barci ba. Mafarkai kuwa suka yi ta zuwa, dabarar Kaka tana kamo su. Na tono wanda akuyarmu ta zama malamar lissafi, na tono wanda jirgin ƙasa ya shigo zaurenmu ya yi sallama. Da safe in ba da labari ana wanke-wanke, a yi ta dariya har Baba ya murmusa. Sai dai matar ba ta dawo ba, ga riɗi ya kusa ƙarewa, daga nan kuma an daina yini a gona.

Ranar da ake kakkaɓar damin ƙarshe ta zo. Ina kwance na gan ni tsaye a bakin wani fili fari fat, tukwane jere a kan wuta. Hannuna ya kai bakin zane da kansa. Na lasa. Lami! Na ce wa kaina, Asabe, kin shiga, kada ki kuskura ki farka. Sai ga ta nan da tukunyarta. Wannan karon ban tsaya sauraren murya ba, na tsura mata ido na bi ta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haddar allo. Da na farka na ji Gwaggo na ƙwala mini kira, na ji tururuwa na cizon ƙafata, na daure na yi lamo har na tono ta duka. Sannan na sheƙa a guje, ban tsaya ba sai gida.

Kaka na tsakar gida tana tankaɗe, Ɗanladi ya biyo ni yana haki. Na ce na gan ta! Baƙa ce siririya, tana da wushirya, girarta ta hagu ta ɗan fi ta dama tashi, in ta yi dariya kumatu ɗaya ne kawai ke lotsawa. Ɗanladi ya faɗi ƙasa don dariya. "Shashasha, ai kanki kika gani!" Ni da madubi sai ranar salla nake leƙa na Gwaggo, ban san haka nake ba. Na fashe da kuka, duk wahalata ta tashi a banza. Sai na ga Kaka ta ajiye rariya. Ta yi wata magana da Alago, yarenta da ba ta yi sai abu ya kai mata wuya. Ta ja ni zuwa randa, ta buɗe faifan, ta jira ruwan ya kwanta. "Duba," in ji ta. "Na ƙi faɗa ne don kullum ina kallonta a tsakar gidan nan." Daga nan ta kira sunan 'yarta, karo na farko da na ji shi a bakinta.

Yau gonar nan gidaje ne, mangwaron ma an sare. Jikokina waya ke tashinsu, kafin su buɗe ido sosai sun cafke ta, in na tambayi abin da suka yi mafarki su ce sun manta. Hotunansu kuwa sun fi ƙarfin ƙirga, ba wanda zai sha gishiri don neman wata fuska. Tawa ta tsufa, ta wuce shekarun da Innata ta samu nesa ba kusa ba, madubi ya daina nuna mini ita. Amma akwai 'yar autar jikokina mai wushirya da kumatu ɗaya mai lotsawa. Takan ce, Kaka, wai me ya sa kike kallona haka? Sai in ce mata, yi dariya kawai.